Yankin tushe ya cika a sabar Ubuntu, alhali faifan yana da sauran wuri

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata saba da nake kula da ita a makarantar da nake koyarwa, wadda a cikinta muke ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun malamai. Ubuntu Server 22.04 ce a kanta, faifan kuma SSD ne mai GB 240. Yau da safe rumbun bayanan ya ƙi tashi, kuma duk fayil ɗin da na nemi ajiyewa sai na ga saƙon `No space left on device`. Ga abin da `df -h /` ya nuna:

```
Filesystem                         Size  Used Avail Use% Mounted on
/dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv   98G   93G     0 100% /
```

Abubuwa biyu ne suka ɗaure mini kai. Faifan da muka saya GB 240 ne, to ina sauran ya shiga da har tushen, wato `/` inda tsarin Ubuntu yake zaune, ya tsaya a 98? Sannan idan an cire 93 daga 98 ai saura 5, me ya sa yake cewa babu ko kaɗan? Wani abokin aikina ya ce in sa GParted, manhajar gyara yankunan faifai, a filash, in kashe sabar, in ja yankin har ƙarshen faifai. Na ga ya fi kyau in ji ta bakinku kafin in taɓa komai, domin makon haɗa sakamako muke ciki.

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi kyau da ka dakata. Sunan da ke farkon layin nan ya riga ya gaya mana cewa tushenka ba a kan yanki kai tsaye yake zaune ba, a kan LVM yake, wato tsarin da ke haɗa wurin faifai a rukuni ɗaya ya riƙa yanka shi kaso-kaso, kuma GParted ba ya faɗaɗa kason da ke cikin LVM, iyakarsa yankin da ke ɗauke da shi. Don Allah ka turo mana abin da `lsblk` da `sudo vgs` suka nuna. Babu wanda zai iya ba ka umarni mai aminci bai ga yadda faifan yake a shimfiɗe ba.

Malam Habibu:
Ga su nan, Injiniya.

```
sda                       223.6G disk
├─sda1                        1G part /boot/efi
├─sda2                        2G part /boot
└─sda3                    220.5G part
  └─ubuntu--vg-ubuntu--lv   100G lvm  /
sdb                       931.5G disk
└─sdb1                    931.5G part /mnt/ajiya

VG        #PV #LV #SN Attr   VSize    VFree
ubuntu-vg   1   1   0 wz--n- <220.52g <120.52g
```

Faifai na biyu na waje ne, na USB, a can ne kwafin ajiya yake tafiya kowane dare.

Injiniya Lawal:
Alhamdu lillahi, naka mai sauƙi ne. Ka dubi `VFree`: kana da fiye da GB 120 a zaune babu mai amfani da su. Wannan ba kuskuren wanda ya ɗora maka tsarin ba ne, haka manhajar girka Ubuntu Server take yi idan aka bar ta a kan zaɓinta na asali. Idan wurin ya wuce GB 200 sai ta ba tushe GB 100 ta bar sauran a rukunin LVM, idan kuma tsakanin 20 da 200 ne sai ta ba shi rabi. Misalinsa fili ne da aka katange gaba ɗaya aka gina ɗaki a gefe ɗaya: filin naka ne, yana cikin katangarka, ginin ne kawai bai kai can ba.

Saboda haka babu abin da za ka taɓa a jadawalin yankuna, kuma ba sai ka kashe sabar ba. Umarni ɗaya ya isa:

`sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv`

Harafin `-r` shi ne yake sa LVM ya kira `resize2fs` da kansa bayan ya ƙara girman kason, domin ƙara kaso daban, faɗaɗa tsarin fayil ɗin da ke cikinsa daban. Mutane da yawa sukan yi na farko su manta da na biyu, sai `lsblk` ya nuna sabon girma amma `df` yana nan a kan tsoho, su ɗauka aikin bai yi ba.

Game da GB 5 ɗin da ka tambaya, ext4, tsarin fayil ɗin da tushenka yake kai, yakan keɓe kashi 5 cikin 100 na wurinsa ga mai amfani na `root` kaɗai, wato asusun mai cikakken iko, don kada wani shiri ya cika faifai har mai kula da na'urar ya kasa shiga ya yi gyara. Rumbun bayananka ba da sunan `root` yake aiki ba, shi ya sa a wurinsa faifan ya cika tun a 93. Shi kuwa 223.6 a maimakon 240, bambancin lissafi ne: masu sayarwa da dubu-dubu suke ƙirgawa, Linux kuma da 1024.

Malama Rukayya:
Ban musa komai a bayanin Injiniya ba, amma ina ganin an tsallake wata tambaya. Malam Habibu, sakamakon jarrabawa da takardun malamai rubutu ne, kuma rubutu ba ya cin wuri haka. Ko da makarantar tana da ɗalibai masu yawa, da wuya wannan ya kai GB 93. Idan wani abu ne yake zubo bayanai ba tsayawa, ƙara masa GB 120 jinkirta matsalar ne kawai, kuma ranar da ta dawo ba ka da sauran wurin da za ka ƙara. Kafin ka faɗaɗa, ka nuna mana sakamakon waɗannan:

`sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h`
`df -i /`
`journalctl --disk-usage`

Na farko zai nuna foldar da ta fi nauyi, kuma `-x` ɗin yana hana shi ƙetarawa zuwa faifanka na waje. Na biyu don mu tabbatar ba yawan ƙananan fayiloli ne ya ƙarar da gurabensu ba, domin hakan ma saƙo iri ɗaya yake bayarwa ko da akwai sauran wuri.

Abu Safiyya:
Ni dai a ganina ana wahalar da Malam ne. GParted yana nuna maka faifan a zane, ka ga kowane yanki da launinsa, ka ja da linzami, ka danna, shi ke nan. Na sha yin haka a kwamfutocin mutane ba tare da wata matsala ba. Rubuta umarni a baƙin allo ga wanda bai saba ba ai ya fi haɗari, harafi ɗaya ya kuskure sai a yi asara.

Baba Gambo:
Abu Safiyya, GParted kayan aiki ne mai kyau, ni ma yana cikin filash ɗin da ke aljihuna, amma ka sake duba abin da Malam ya turo. Yankin `sda3` ya riga ya kai ƙarshen faifai, babu inda za a ja shi. Da ya bi shawarar abokin aikinsa, da ya kashe sabar makaranta a tsakiyar mako, ya buɗe GParted, ya tarar babu abin yi.

Akwai kuma abin da zanen nan yake ɓoyewa, wanda nake so matasan cikinmu su riƙe. A kan allo, jan gefen dama na yanki da jan gefen hagu duk kamarsu ɗaya, amma a cikin faifai ayyuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Idan ka ja gefen dama, lamba ɗaya ce take canzawa a jadawali, wato sektan da yankin ya ƙare, sannan tsarin fayil ya miƙe ya cike sabon wurin. Bayananka suna nan inda suke. Idan kuwa ka ja gefen hagu, ka canza mafarin yankin ke nan, dole a kwashe kowane ɗigo na bayanai a matsar da shi, kuma a babban faifai wannan yakan ɗauki awanni. Wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, rabin bayanan na sabon wuri, rabi na tsoho, jadawalin kuma bai dace da ko ɗaya ba. Mu da muke aiki a inda wuta ba ta sallama kafin ta tafi, bai kamata mu matsar da mafarin yanki ba sai da cikakken kwafin ajiya da batirin da muka amince da shi.

Abu Safiyya:
Na karɓi maganar `sda3`, Baba, ban lura ya cika faifan ba. Amma ga kwamfutar tafi-da-gidanka mai batirinta, wadda ba ta da LVM, har yanzu GParted nake ba mutane shawara.

Baba Gambo:
A wannan ba mu da saɓani.

Malam Habibu:
Malama Rukayya, ga abin da na samu, kuma ya ƙara rikita ni. Gurabun fayiloli kashi 4 cikin 100 kawai aka ci. Kundin `journalctl` GB 3.9 ne. Amma jimillar da `du` ya bayar ga tushen gaba ɗaya GB 41 ce, mafi yawanta a `/var` da `/home`. To `df` yana cewa 93, `du` yana cewa 41. GB 52 ɗin da ke tsakani fa?

Malama Rukayya:
Yauwa, abin da nake zargi ke nan. Su biyun ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. `df` yana tambayar tsarin fayil ne yawan wurin da aka kama, shi kuwa `du` bin folda-folda yake yi yana tara abin da idonsa ya gani. Idan suka saɓa da yawa haka, akwai bayanan da suka kama wuri amma ba a ganinsu ta hanyar folda, kuma sanadin yakan zama ɗaya daga cikin biyu.

Wani lokaci an goge babban fayil ne alhali wani shiri yana riƙe da shi a buɗe. Linux ba ya sakin wurin sai shirin ya rufe fayil ɗin, saboda haka sunan ya ɓace amma nauyin yana nan. Wannan yakan faru idan mutum ya goge kundin rajista da `rm` ba tare da ya sake tayar da shirin da yake rubuta shi ba. Umarnin `sudo lsof +L1` zai tona shi.

Wani lokaci kuma fayiloli ne suke kwance a ƙarƙashin foldar da aka ɗora wani faifai a kanta, kuma tunda ka ambaci faifan waje a `/mnt/ajiya`, nan hankalina ya fi karkata. Ka gwada wannan, ba ya canza komai a faifai:

`sudo mkdir /tmp/leke`
`sudo mount --bind / /tmp/leke`
`sudo du -sh /tmp/leke/mnt/ajiya`

Wannan yana nuna maka tushen shi kaɗai, ba tare da faifan da aka ɗora a kansa ba.

Malam Habibu:
Malama, Allah ya ƙara basira. `lsof` bai nuna wani abin kirki ba, amma umarni na ƙarshe ya ba ni 52G daidai. Da na leƙa ciki sai na tarar da fayilolin kwafin ajiya na dare, kowanne da kwanan watansa, kuma kwanakin ba a jere suke ba, tsalle suke yi. Da na duba faifan waje, ainihin waɗannan kwanakin ne babu a cikinsa.

Malama Rukayya:
To ga labarin ya fito. A duk daren da faifan waje bai hau ba, wataƙila bayan an ɗauke wuta sabar ta tashi kafin shi, foldar `/mnt/ajiya` tana nan a matsayin folda ta yau da kullum a kan tushe. Shirin kwafin bai san bambanci ba, ya ga folda, ya zuba. Da faifan ya sake hawa sai ya rufe su, ba mai ganinsu. Ka lura da abin da ya fi cikar faifai muni: a waɗannan dararen kwafin ajiyarka a kan faifai ɗaya yake da asalin bayanan, da SSD ɗin ya mutu da duka sun tafi tare.

Kada ka goge su tukuna. Ka kwashe su daga `/tmp/leke/mnt/ajiya` zuwa `/mnt/ajiya` na gaske, ka tabbatar sun isa lafiya, sannan ka share na tushen, ka sauke da `sudo umount /tmp/leke`. Ka kula ƙwarai kada ka yi `rm -r` a kan `/tmp/leke` kanta kafin ka sauke ta, domin tushenka ne gaba ɗaya a ciki. Bayan haka ka sa wannan layi a farkon shirin kwafin:

`mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1`

Idan faifan bai hau ba, shirin zai tsaya bai rubuta komai ba. Ya kamata kuma ka sa ya aiko maka da saƙo idan hakan ta faru, in ba haka ba za ka yi kwanaki babu kwafi ba ka sani ba.

Baba Gambo:
Ƙari a kan na Malama: ka sauke faifan waje, ka yi `sudo chattr +i /mnt/ajiya` a kan foldar tana fanko, sannan ka mayar da shi. Daga nan ko `root` ba zai iya rubuta komai a cikinta ba idan faifan ba ya nan, amma ɗora faifai a kanta yana aiki kamar da.

Injiniya Lawal:
Malama ta kama ɓarawon. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa ya faɗaɗa tushen. An sayi faifai mai GB 240, fiye da rabinsa yana zaune babu aikin da yake yi, kuma da tun farko tushen yana da 220 da rumbun bayanan bai faɗi a makon jarrabawa ba. Saba ɗaya ce a makaranta, mutum ɗaya yake kula da ita tare da koyarwa, mafi sauƙin tsari shi ne mafi alheri gare shi. A ba tushe duka a huta.

Malama Rukayya:
A nan ne muka rabu, Injiniya. Da tushen yana da 220, da rumbun bai faɗi a wannan makon ba, gaskiya ne, amma da ya faɗi a wani zangon, kuma da an ƙara watanni ana kwafin ajiya a wurin da ba shi da amfani ba tare da kowa ya sani ba. Cikar nan ita ce ta tona asirin.

Dalilina na ƙin `+100%FREE` shi ne ƙari da ragi ba nauyinsu ɗaya ba. Ana ƙara girman ext4 yana kan aiki, cikin daƙiƙu. Rage shi kuwa sai an sauke shi, kuma tushe ba ya saukuwa na'ura tana aiki, sai an tashe ta daga filash, a yi `e2fsck`, a rage tsarin fayil, sannan a rage kason, kuma idan aka rage kason fiye da tsarin fayil ɗin an yanke bayanai. Wanda yake kan XFS, wani tsarin fayil daban, ma ba shi da wannan zaɓin, domin a aikace ba a rage XFS, sai dai a kwashe bayanai a sake gina shi. Masu Rocky Linux da AlmaLinux, 'yan dangin Red Hat, sun san wannan ciwon: tsarin asali yakan tsayar da tushe a GB 70 ya miƙa ragowar ga `/home`, kuma ranar da tushen ya cika ba su da hanyar yanko wuri daga `/home` sai sun kwashe shi sun rushe shi. Tun Red Hat Enterprise Linux 7, a 2014, XFS ne na asali a wannan dangin.

Wurin da aka bari a rukunin LVM yana da aiki. Da shi ake ɗaukar hoton yanayin faifai kafin babban sabuntawa, don a iya komawa baya idan abu ya lalace, kuma idan babu wuri a rukunin ba a iya ɗaukar hoton. Da shi kuma Malam zai iya yanka wa rumbun bayanai kasonsa daban nan gaba, ta yadda ko tushe ya cika rumbun ba zai faɗi ba. Shawarata ya ƙara GB 50 yanzu:

`sudo lvextend -r -L +50G /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv`

Ka lura da bambancin haruffan, Malam: babban `-L` da girma yake tafiya, ƙaramin `-l` da kashi cikin ɗari, kuma kada ka manta da alamar ƙari.

Injiniya Lawal:
Hujjar hoton yanayi mai ƙarfi ce ga wanda zai yi amfani da shi. Abin da na gani a wuraren da na yi aiki shi ne ana barin wurin da niyyar za a yi amfani da shi, shekaru su wuce, mai kula da sabar ya canza, wanda ya gaje shi bai ma san akwai shi ba, har a sayi sabon faifai alhali rabin tsohon fanko ne. Malam Habibu da kansa bai san da GB 120 ɗin nan ba sai yau.

Malama Rukayya:
Yanzu ai ya sani, kuma maganin mantuwa takarda ce a manna a jikin sabar.

Baba Gambo:
Ku duka kuna da hujja, amma wanda ya ƙara 50 yau yana iya bin ra'ayin Injiniya gobe da umarni ɗaya, wanda ya ba da duka kuwa ba zai koma ra'ayin Malama ba sai ya kashe saba. Don haka ni ina bayan Malama. Abu ɗaya zan ƙara ga wanda zai karanta wannan daga baya: `lvextend` yakan rubuta kwafin bayanansa a `/etc/lvm` kafin ya canza komai, kuma idan tushen ya cika har da wurin da aka keɓe wa `root`, zai ƙi aiki ya ce `Couldn't create temporary archive name`. Kada a firgita. A yi `sudo apt clean` ko `sudo journalctl --vacuum-size=200M` don a samu ɗan sarari, sannan a sake.

Malam Habibu:
Na kwashe fayilolin, na tabbatar da su, na share na tushe, rumbun bayanai ya tashi kuma malamai sun ci gaba da shigar da maki. Na bi shawarar GB 50, Injiniya ka yi haƙuri. LVM ya ce kason ya tashi daga `100.00 GiB (25600 extents)` zuwa `150.00 GiB (38400 extents)`, kuma sabar ba ta ko girgiza ba. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa tunda maganar ɗaya ce. Ni Debian 12 nake koyo a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta. Faifan da na ba ta GB 20 ne, ya cika, sai na kashe ta na ƙara shi da `VBoxManage modifymedium disk` tare da `--resize 40960`. Yanzu `lsblk` yana nuna haka:

```
sda      40G disk
├─sda1   19G part /
├─sda2    1K part
└─sda5  975M part [SWAP]
```

Na gwada `vgs` babu shi ma a na'urar, `resize2fs /dev/sda1` kuma ya ce babu abin da zai yi. Ina na tsaya?

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam. Kai ba ka da LVM, don haka matakanka uku ne a jere: faifai, yanki, tsarin fayil. Na farko ka gama shi. `resize2fs` ya faɗi gaskiya, domin tsarin fayil ba ya wuce iyakar yankin da yake ciki, kuma `sda1` har yanzu 19 ne. Matsalarka ita ce yanki ba ya girma sai cikin wurin da ke manne da ƙarshensa, kai kuwa `swap`, wurin da tsarin yake arowa a faifai idan ƙwaƙwalwar na'ura ta cika, shi ne a tsaye tsakanin tushe da sabon wurin. Shi `sda2` mai 1K akwati ne kawai na tsohon tsarin MBR, wanda ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu, kuma `sda5` a cikinsa yake.

Tunda babu bayanan da za a yi asara a `swap`, cire shi ya fi sauƙi. Ka fara ɗaukar kwafin fayil ɗin faifan na VirtualBox na'urar tana kashe, ka kuma ajiye jadawalin da `sudo sfdisk -d /dev/sda` a wani wuri da ba wannan faifan ba. Sai ka girka `cloud-guest-utils`, a cikinsa `growpart` yake. Daga nan ka yi `sudo swapoff -a`, ka buɗe `sudo fdisk /dev/sda`, ka goge yanki na 5 da na 2 da harafin `d`, ka duba da `p` cewa na 1 yana nan yadda yake, sannan ka rubuta da `w`. Sai:

`sudo growpart /dev/sda 1`
`sudo resize2fs /dev/sda1`

Akwai tazara tsakanin `sda` da `1` a umarnin farko, da gangan ne, sunan faifai daban, lambar yanki daban. Idan `growpart` ya koka da rashin wuri, yana buƙatar ɗan sarari ne a `/tmp`, kuma `sudo apt clean` yakan wadatar.

Baba Gambo:
Kada ka sake kunna na'urar a nan, ɗana, da sauran aiki. Debian tana riƙe da lambar tsohon `swap` a wurare biyu. Na farko `/etc/fstab`: idan ka bar layin, duk tashi sai tsarin ya tsaya yana jiran yankin da babu shi har minti ɗaya da rabi. Na biyu `/etc/initramfs-tools/conf.d/resume`, wanda shi ma yake jawo jinkiri tun kafin tsarin ya fara tashi. Ka mayar da abin da ke cikinsa `RESUME=none`, sannan ka yi `sudo update-initramfs -u`.

Maimakon sabon yanki, ka yi `swap` a fayil, don kada ya sake tare maka hanya ranar da za ka ƙara faifan: `sudo fallocate -l 1G /swapfile`, sai `sudo chmod 600 /swapfile`, sai `sudo mkswap /swapfile`, sai `sudo swapon /swapfile`. A `fstab` ka maye tsohon layin da `/swapfile none swap sw 0 0`.

Abu Safiyya:
Na ga wasu suna goge yankin tushen kansa a `fdisk` su sake ƙirƙirarsa da girma. Wannan ba ya share bayanai ne?

Baba Gambo:
Ba ya sharewa muddin an cika sharaɗi biyu, domin `fdisk` jadawali kawai yake taɓawa. Dole sabon yankin ya fara daga ainihin sektan da tsohon ya fara, wanda galibi 2048 ne a yanki na farko amma sai an duba da `p` an rubuta, kuma idan ya tambaya ko ya cire sa hannun ext4 da ya gani, amsar ita ce a'a. A MBR kuma a mayar masa da alamar tashi idan yana da ita. Haka muke yi kafin `growpart` ya yaɗu, kuma shi `growpart` ɗin ƙarshen yankin kawai yake matsarwa, ba ya ba ka damar kuskuren mafari, shi ya sa na fi so ɗalibi ya yi amfani da shi. A faifan GPT, sabon tsarin jadawalin da ya gaji MBR, akwai ƙarin abu ɗaya: kwafin jadawalin na biyu a ƙarshen faifai yake zama, kuma idan faifan ya girma sai an matsar da shi zuwa sabon ƙarshe. `growpart` yana yin wannan da kansa, `parted` yakan tambaya ya gyara, ko a yi `sudo sgdisk -e /dev/sda`.

Ɗan Maraɗi:
Na bi matakan a jere. `df -h /` yanzu yana nuna 40G, `swapon --show` yana nuna `/swapfile`, na sake kunnawa kuma ta tashi ba jira. Tambaya ɗaya ta rage mini: kashi 5 ɗin nan da Injiniya ya ce ext4 yana keɓewa, in rage shi ne da `tune2fs -m 1` kamar yadda na ga ana yi?

Malama Rukayya:
A faifan ajiyar bayanai zalla, mai terabayit ɗaya ko fiye, rage shi yana da ma'ana, domin kashi 5 a can GB 50 ne a zaune. A tushe mai GB 40 kuwa GB 2 ne kawai, kuma su ne za su ba ka damar shiga ka yi gyara ranar da ya sake cika. Ka bar shi yadda yake.